Kwamfutar da Ta Daina Tambaya

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, ruwa ya kwana yana zuba, Samaru ta tashi da caɓi har idon sawu. Christabel ta kakkaɓe lemarta a bakin Gidan Murya, ta buɗe ɗakin ɗaukar sauti da makullinta, ta kunna kwamfuta kamar kullum, ta juya tana neman ƙusar da take rataye jaka. Kunnenta na jiran gaisuwa, amma shiru kake ji.

Gidan Murya wata 'yar cibiya ce da tsofaffin malaman makaranta suka kafa a bayan kasuwa, inda ake karanta littattafan makaranta da baki ana ɗauka, saboda yaran da ba sa gani. Kwamfutocin gidan duk a haɗe suke da juna, kuma babu wadda ke buɗe maka sai ka sa suna da kalmar sirri a wani ɗan akwati da ke fitowa tun farko. Ta ɗakin ɗaukar sauti kuwa har magana take yi. Akwatin na fitowa sai ka ji muryar Mama Rhoda tana cewa, "Sannu da zuwa. Wane ne?" Mama Rhoda ita ce gwanar karatu a gidan, muryarta ko kuka yaro yake yi in ya ji sai ya saurara. Ta rasu a farkon damina, ta bar littafin kimiyya guda da ta karanta tun daga bango har bango, Christabel na kan tace shi.

To, ran nan babu akwati, babu tambaya. Kwamfuta ta wuce ciki kai tsaye kamar ɗakin da aka cire wa ƙyaure. Hoton wata jar mota ne a fuskarta, wanda Christabel ba ta taɓa gani ba. Ta nemi karatun Mama Rhoda sama ko ƙasa, ko tari ɗaya ba ta samu ba.

"Yesu na!" ta ce, ta ɗora hannu a ka.

Kafin a ce kwabo gidan ya cika. Madam Diana, shugabar cibiyar, tsohuwar hedimistires ce da har yanzu in ta yi gyaran murya manya ke gyara zama. Ta duba ƙofa, ta duba taga, ta dawo ta tsaya a kan Christabel.

"Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Makullin ɗakin nan biyu ne, ɗaya a jakata, ɗaya a taki. Kalmar sirri kuma ke kaɗai kika sani. To, aljanu ne?"

"Madam, wallahi yadda na rufe ranar Juma'a..."

Sai Felix maigadi ya sa baki, shi da ba a tambaye shi ba. "Ni dai Madam, da na leƙo ɗazu, ɗakin nan warin jan farce yake yi, sai ka ce shagon gyaran gashi."

Duk idanu suka sauka a hannun Christabel. Ga farcenta nan jajir, ta shafa ranar Asabar saboda bikin ƙawarta. Ta dunƙule hannu ta ɓoye a bayanta, wannan kuma ya ƙara ɓata lamarin. Mai shayin bakin titi da ya shigo kallo ya ce lallai biri ya yi kama da mutum. Wata mai sayar da gwanjo ta ce ai ta ji ana sayar da irin wannan karatu ana tura wa mutane a waya. Kai, mutanen Samaru! Ka ba su zare taƙi ɗaya, kafin azahar sun saƙa maka bargo.

Mutum ɗaya ne bai ɗaga murya ba, Baba Akinola, mijin marigayiya kuma uban ƙungiyar. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar Bazazzage. Yana zaune a bencin waje inda ya saba jiran matarsa in tana karatu, ya haɗa hannuwa a kan cikinsa.

"Diana, a bi a hankali," ya ce. "Inji ne, yakan lalace. Kada a ɗauki alhakin yarinya."

"Baba, inji ba ya shafa jan farce," in ji Madam Diana. "Kwamiti zai zauna da la'asar. In karatun nan bai dawo ba, 'yan sanda za su zo su tafi da ita, can ta yi musu bayani."

Ita Christabel, ba aikin ne ya fi damunta ba. In aka fita da ita daga gidan nan a bayan motar 'yan sanda, an gama, har ta tsufa sunanta yarinyar da ta saci muryar matacciya daga bakin makafi.

* * *

Ba ta tsaya kuka ba, ta tari keke sai Hanwa, gidan Malam Sebastian Dogo.

Duk wanda kwamfuta ta taɓa ɓata wa rai a Zariya ya san Malam Sebastian, sai dai ba da wannan suna ba, Mai Sawu ake ce masa. Mahaifinsa maharbi ne a ƙasar Kaciya, wanda in an kore wa mutum shanu shi ake kira ya bi kofato har inda suka kwana. Ɗan ya yi karatun kwamfuta, ya yi suna wajen haɗa injuna da juna, sai ciwon ido ya zo ya rufe masa duniya yana tsakiyar ƙarfinsa. Mutane suka ce shi ke nan, an yi asarar gwani. Ashe ba su san komai ba. Shi ya ja wayoyin Gidan Murya da lalube, shi ya kuma sa muryar Mama Rhoda a kan akwatin shiga, don yaro makaho ya san lokacin da zai sa sunansa.

Ta same shi yana shan kunu a baranda. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

"Ke kika ɗauka?" ya tambaya.

"Malam, ban ɗauka ba."

"Na ji. Miƙo min sandata. Ubana yakan ce ɓarawo na iya ɓoye saniya, amma ba ya iya ɗauke ƙasar da ta taka."

* * *

Da suka iso, ya sa kowa ya fita sai ita da Madam Diana. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ja numfashi sau biyu. Sannan ya durƙusa bayan tebur, yatsunsa suka bi wayar da ta haɗa injin da sauran, tun daga bango har inda ta shiga. Ya zare ta, ya mayar, ta ce ƙyas.

"'Yata, akwai 'yar koriyar wuta a nan, tana ƙyaftawa?"

"Tana yi, Malam."

"To hanya lafiya take. In akwatin shiga ya ɓace, farko waya ake zargi, ba mutum ba. Waya ta fita. Kashe injin ki sake kunnawa, kowa ya yi shiru."

Ya kwantar da kunnensa a jikin ƙarfen kamar ungozoma a cikin mai juna biyu. Injin ya taso. Christabel ba ta ji komai ba sai fanka, amma ta ga girarsa ta motsa.

"Wannan ba numfashinta ba ne," ya ce. "Faifan ajiyar da na sani a cikin nan yakan yi ɗan tari kafin ya tashi, kamar tsoho. Wannan santsi yake yi. Shiga inda zan gaya miki, ki karanta min sunan da injin ke kiran kansa."

Ta bi yadda ya ce. Maimakon sunan Gidan Murya, sai ga wani suna: Kafe Alheri, inji na huɗu.

"Madam," in ji shi, "ba goge karatu aka yi ba. Riga ce taku, amma wanda ke ciki baƙo ne. An cire faifanku an sa na wani kafe, irin shagon da ake biya a shiga intanet. Baƙon nan bai san gidan nan ba, bai san akwai wanda ake gaisarwa a ƙofa ba, shi ya sa bai tambayi kowa suna ba."

Madam Diana ba ta sauko ba. "To ai ita ma tana iya kawo wanda zai cire mata."

"Tana iyawa. Amma mai kalmar sirri a ka, me zai kai ta kwance noti? Sai ta kwafe abinta a 'yar filash ta fita tana waƙa, ba wanda zai sani. Wanda ya yi wannan ba shi da hanyar ƙofa ne, shi ya sa ya ɗauke ɗakin gaba ɗaya."

Yana magana yatsunsa na yawo a bayan injin, sai suka tsaya cak a kan wani noti. Ya shafa, ya sake shafawa, ya kai hanci.

"Ga jan farcen Felix. Zo ki gani, 'yata. Me ke nan?"

Ta sunkuya da fitilar waya. An ja wani ɗan siririn layi na jan farce daga kan notin zuwa jikin ƙarfen, a miƙe kamar an sa rula. Haka a kan na biyun.

"Wane launi ne?"

"Ba irin nawa ba ne. Ya yi duhu, kamar zoɓon da bai ji ruwa ba."

"Riƙe wannan a ranki."

Su masu ido sun yi safiya guda a ɗakin nan suna zare shi a kan juna, ga makaho ya zo ya nuna musu abin da ke gaban hancinsu.

A waje ya tsaya gaban Felix. "Jiya da safe kana ina?"

"Coci, Malam. Kowa ya sani, Lahadi nakan je sujadar farko in dawo."

"Kowa ya sani," Malam Sebastian ya maimaita. "Madalla."

* * *

Bas ta sauke su a Sabon Gari bayan ta sha cunkoson Kwangila. Kafe Alheri ya daɗe da rufewa, yanzu shagon katifa ne, amma mai katifar ya ce tarkacen injunan duk Nedu ne ya kwashe, mai gyara a layin 'yan waya. Christabel ta zabura, domin Nedu ne ke zuwa Gidan Murya yana busa wa injuna ƙura.

"Shi ne, Malam! Ya san ɗakin, ya san injin!"

"Kada ki yi masa abin da aka yi miki da safe," ya ce. Kunya ta kama ta.

Shagon Nedu ɗan ƙuƙut ne, wayoyi na reto ta ko'ina, janareta na ihu a ƙofa. Yana ganinsu ya miƙe. "Oga Mai Sawu! Yau da kanka? Wane ne ya shiga uku?"

"Kai ne, in ba ka yi hankali ba. Faifan Kafe Alheri yana ina?"

Nedu ya shuri wani kwando a ƙarƙashin tebur. "Ga su nan birjik. Kowa na zuwa ya zaɓa. Oga, ba na riƙe fuskar kowa."

"An sa ɗaya a injin Gidan Murya, an ɗauke nasu."

"Chineke! Ba ni ba ne! Jiya tun asuba ina Kaduna wajen ƙanwata Oluoma, ta haihu. Kira ta ka ji, kukan jaririn ma zai ba da shaida."

"In ka rufe inji bayan gyara, da me kake yi masa alama?"

Nedu ya ɓanɓaro wata 'yar takarda mai gam ya manna a bayan hannun Malam Sebastian. "Sitika. Duk layin nan sitika muke sawa. In kwastoma ya je gida ya buɗe, ya dawo yana rantsuwa bai taɓa ba, sai mu nuna masa ta yage."

"Jan farce fa?"

Nedu ya yi dariya. "Haba Oga, wannan ai aikin mutanen da ne, masu gyaran rediyo da talabijin. Su ne ke jan layi daga noti zuwa jiki. Ogan da ya koya min aiki, ko fitilar hannu ya gyara sai ya..."

Dariyar ta mutu a bakinsa. Ya juya ya kama goge wani abin da ba ya buƙatar gogewa.

"Sai ya me?" in ji Christabel. "Wane ne ogan naka?"

"Sista, na manta abin da zan ce."

"Nedu, 'yan sanda za a kira min!"

Ya dube ta, idonsa ya yi ja. "Ki yi haƙuri. Mutumin da ya ɗauke ni ina yaro, ya ciyar da ni, ya sa min sukundireba a hannu, ba bakina ne zai kira sunansa ba. Ko a gaban alƙali."

Malam Sebastian ya dafa kafaɗarsa. "Ba ka kira ba. Amma ka rufe shago ka zo Samaru da la'asar."

A cikin keke, ruwa ya soma yayyafi. Christabel na ta huci, ta ce sun yi zuwan banza.

"Sabo turken wawa," in ji Malam Sebastian. "Mutum ya shigo sata, hankalinsa a tashe, ya ɗaure noti. Kansa bai ce ya yi alama ba, hannunsa ne ya yi, don abin da ya saba ke nan tun kafin a haife ki. Kuma masu gyara na zamanin da, ba sa sayen jan farce, na matansu suke ɗauka. Ni ba na ganin launi. Ke ce mai ido. A hannun wa kika taɓa ganin zoɓon nan?"

Ta buɗe baki za ta ce ba ta sani ba, sai hoton ya faɗo mata: wani hannu mai tamoji yana juya shafi a hankali don kada takarda ta yi ƙara a makirfo. Wata da watanni tana kallon hannun nan ta gilashi.

"Mama Rhoda," ta ce da raɗa. "Ba ta taɓa canza launi ba."

"Matattu ba sa kwance noti, 'yata."



* * *

Da la'asar aka taru a babban ɗaki. Madam Diana a kan tebur da wayarta a gabanta, Felix a bakin ƙofa, Nedu a lungu yana kallon ƙasa, 'yan kwamiti a jere. Baba Akinola na gefe cikin babbar riga, har yanzu hannuwansa a kan ciki. 'Yan kallo sun cika taga.

Malam Sebastian ya tsaya ya dogara da sandarsa.

"Madam, kin ce makulli biyu ne. Marigayiya takan zo da sassafe ta yi karatu kafin 'yan acaɓa su tashi da hayaniya. Wa ke buɗe mata?"

"Ai... mun yanka mata nata."

"An dawo da shi bayan jana'iza?"

Madam Diana ta girgiza kai.

"Uku ke nan. Tambaya ta biyu. A zamanku na ƙarshe, me kuka yanke a kan karatunta?"

"Mun ce in Christabel ta gama tacewa, a goge ɗanyen a samu wuri, sabon mai karatu zai fara wannan makon."

"Me ake cirewa in ana tacewa, 'yata?"

"Tari," in ji Christabel. "Da dariya. Da inda ta yi kuskure ta ce kash. Da inda take magana da wani a waje."

"Wato yara za su samu littafi, amma matar za a goge." Ya juya fuskarsa, ba ga kowa ba. "Wanda ya shigo jiya ya san lokacin cocin Felix. Yana da makulli. Ya iya noti da waya, amma kwamfuta ba zamaninsa ba ce. Ya ɗauka in ya sa wani faifai za a ce inji ne ya lalace, a yi tsaki a wuce, ba wanda zai shiga uku. Bai san akwai akwatin da ke tambayar suna ba, don shi bai taɓa shiga ɗakin ana kunnawa ba, a benci yake jira. Ni ba zan kira suna ba. Tun da na shigo ɗakin nan nake jin wani yana numfashi kamar mai ɗauke da buhu. Ya sauke haka nan, ya gaji."

Sai benci ya yi ƙara. Baba Akinola ya miƙe, ya sa hannu cikin rigarsa, ya fito da wani abu a naɗe cikin ɗankwalin mata. Ya ajiye a tebur ya warware. Faifan ne, da makulli, da 'yar kwalbar jan farce da ta kusa ƙarewa.

Wata a taga ta yi salati, wani ya ce Yesu. Nedu ya rufe fuska da hannu, don ogan da ya koya masa aiki ke nan.

"Tun safe yana jikina," in ji tsohon. "Na zo in mayar, na tarar gida ya cika. Da aka ce za a goge, ni na fara ɗaga hannu na ce aiki ne. Yaya tsoho kamata zai tashi gaban mutane ya ce a bar masa tarin matarsa? Kunya ta hana ni roƙo, ba ta hana ni sata ba."

"Ka samu abin da kake nema, Baba?" Malam Sebastian ya tambaya a hankali.

Tsohon ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. "Na sa shi a wani tsohon inji a gida. Ya taso, sai na ji ta. Ta ce sannu da zuwa, wane ne. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, sai akwati yana jiran abin da ban sani ba. Na kashe na kunna, ta sake tambaya. Haka na wuni jiya. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya, ga ta tana tambayata wane ne, na rasa yadda zan shiga."

Christabel ta so ta ji tausayi kaɗai, amma abin da ke cinta tun safe ya taso.

"Baba, kana zaune a bencin can aka kira ni ɓarauniya. Mai shayi ya faɗa, mai gwanjo ta faɗa, kana ji. Da Malam bai zo ba fa? Da ka bari an sa ni a mota?"

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Ina so in ce da na tashi. Amma tun safe nake cewa yanzu zan tashi."

Sai ya tattare babbar rigarsa, ya soma sunkuyawa zai kwanta rub da ciki a gabanta, irin gaisuwar da Bayarabe ke yi wa iyayensa da sarakunansa, ba sa'ar 'yar cikinsa ba. Ɗakin ya ɗauki kai, kai, kai! Christabel ta yi tsalle ta riƙe kafaɗunsa kafin gwiwarsa ta kai ƙasa.

"Kada ka ja min abin da ya fi sata, Baba. Tashi."

Madam Diana ta jawo wayarta ta jefa a jaka. Ta zo ta tsaya gaban Christabel, ta ɗaga murya yadda na taga za su ji. "Na zarge ki a gaban mutane, a gaban mutane nake ba ki haƙuri. Felix, je ka gaya wa mai shayi ya zo ya ji da kunnensa."

* * *

Nedu ne ya mayar da faifan, Malam Sebastian na tsaye yana sauraron kowane noti. Ɗakin ɗaukar sauti ƙarami ne, amma duk wanda ya samu wurin sa ƙafa ya shigo. Aka zaunar da Baba Akinola a kujerar da matarsa ke zama. Christabel ta danna.

Injin ya yi ɗan tarinsa na tsoho. Malam Sebastian ya yi murmushi, ya ce, "Yauwa, mai gida ya dawo." Ɗan akwatin ya fito, sifika ta buɗe.

"Sannu da zuwa. Wane ne?"

Tsohon ya matso da bakinsa kusa da sifikar.

"Ni ne, Rhoda. Akin ne."

Christabel ta miƙa hannu ta gefen kafaɗarsa, da jan farcenta da komai, ta sa sunanta da kalmar sirri. Ta wuce tataccen karatun, ta buɗe ɗanyen, ta zaɓi na wata safiya da ta tuna.

Aka ji an juya shafi. Muryar ta fara bayanin yadda ruwa ke tashi sama ya zama girgije, ta yi tuntuɓe a wata kalma, ta ce kash, ta fashe da dariya. Sannan ta ɗaga murya, kamar mai leƙa taga.

"Akin! Ka shigo daga bencin nan mana, ruwa zai dake ka. Mutum sai taurin kai!"

Baba Akinola ya dafe tebur da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Madam Diana ta yi wa mutane alama, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Malam Sebastian ya lalubo sandarsa. Christabel ta ƙara wa sifikar murya kaɗan, ta kama hannun Malam suka fito, ta jawo musu ƙofa.